Lauyan ƙungiyar ƙwadago a Nijar: tambayoyi da amsoshi kan karatunsa, aikinsa da ladansa

Mutane iri biyu ne suka fi yin waɗannan tambayoyi: ɗaliban shari'a na Yamai da Tawa masu tunanin inda za su dosa bayan karatu, da shugabannin ƙananan ƙungiyoyin ƙwadago da rigima ta taso musu a wurin aiki, suna neman wanda zai tsaya musu. Amsoshin sun tsaya kan dokar Nijar da kuma yadda ake aiki da ita a ofisoshi da kotuna.

Akwai wani reshe na lauyoyi da aka keɓe wa ƙwadago, ko duk lauya lauya ne?

A takarda, duk lauya lauya ne. Ƙungiyar lauyoyi ɗaya ce a ƙasar, Barreau du Niger, mazauninta Yamai, kuma wanda sunansa ya hau jerinta yana iya tsayawa a shari'ar fili da safe, ya tsaya a ta bashi da rana. Babu wata jarrabawa ta daban da ke mai da mutum lauyan ma'aikata. Dosiye, wato shari'un da ya riƙe, su ne ke mai da shi haka. Ya kare direban da aka kora, abokan direban su kawo nasu, sakataren ƙungiyarsu ya riƙe lambarsa, a hankali har uwar ƙungiya ta fara kiransa idan za a zauna da masu kamfani. Kaɗan ne ƙwarai ke rayuwa da shari'ar ƙwadago zalla, domin ba ta ciyar da ofis ita kaɗai.

A bambanta shi kuma da mai ba ƙungiya shawara kan doka. Wannan yakan kasance ɗan ƙungiya ne da ya karanci shari'a, yana da amfani sosai, amma ba ya cikin jerin lauyoyi, ba ya sa baƙar riga, ba a kiransa Metur, laƙabin lauyoyi.

Wane karatu ake bukata?

Bayan bak, shekara 3 ta lisans, sannan shekara 2 ta masta. Ana yin su a tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko a tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa ta Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Wasu a Dakar ko Abijan ko Maroko ko Faransa suke yo nasu. Ƙa'idar shiga sana'ar ɗaya ce a ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, tun dokar bai-ɗaya mai lamba 05 ta ranar 25 ga Satumba 2014: masta ta biyu a shari'a wadda CAMES, majalisar da ke tantance digirori a ƙasashen Afirka, ta amince da ita, ko tsohon digirin maîtrise, ko makamancinsu, a haɗa da takardar ƙwarewa a aikin lauya da ake kira CAPA.

Dokar ƙwadago tana cikin reshen shari'ar tsakanin mutane, can ya kamata ɗalibi ya karkata. Amma kada ya yi wasa da darasin shari'ar gudanar da mulki, domin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan na malamai ne da ma'aikatan lafiya da sauran masu cin albashin gwamnati, kuma shari'arsu ta can take bi. Abu na uku da jami'a ba ta cika koyarwa ba shi ne karanta takardar albashi layi bayan layi: albashin tushe, kuɗin daɗewa, alawus, abin da aka cire na CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, abin da aka cire na haraji. Ɗalibin da ke gudun lissafi zai sha wuya a wannan fage, don rabin aikin lissafi ne.

Da an samu CAPA an zama lauya ke nan?

Tukuna. Ana kai takardu ga majalisar lauyoyi, wadda shugabanta shi ne Batoniye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta shaidar rashin laifi daga kotu, da digirori. Ana binciken halin mutum. Sai ya cika shekara 21 kafin a sa shi a jerin masu koyo. Daga nan ya yi rantsuwa a gaban kotun ɗaukaka ƙara, ya shiga ofishin wani babban lauya ya yi shekara 3 yana koyo a ƙarƙashinsa. In ya gama aka ba shi takardar shaida, kuma ya kai shekara 24, sai a rubuta shi a babban jeri, ya iya buɗe nasa ofis ko ya haɗa gwiwa da wasu.

Inda mutane suka fi maƙalewa shi ne samun ubangidan da zai karɓe su, tunda kusan duka ofisoshin a Yamai suke. A cikin shekarun nan uku ne kuma akan gane wanda zai zama na ma'aikata. Shari'un sallama ba su da maiƙo, saboda haka sau da yawa mai koyo ake miƙa wa su. Wanda ya raina su ya wuce. Wanda ya zauna ya karance su, ya san hanyar ofishin sufeton aiki, jami'in gwamnati mai sa ido kan bin dokar ƙwadago, ya saba da magatakardan kotu, ya fito da sana'a a hannu.

Ni malamin makaranta ne, na daɗe a ƙungiya, ina da masta a shari'a. Zan iya zama lauya ina riƙe da aikina?

A'a. Lauya ba ya zama ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, ba ya kuma kasuwanci. Koyar da shari'a an yarda da shi. In kana son rigar, sai ka saki albashin. Shawara ce mai nauyi ga magidanci, don shekarun koyo ba su da kuɗi. Amma wanda ya fito daga cikin ƙungiya yana zuwa da abin da ba a samu a littafi: ya san yadda babban taro ke juyawa cikin minti goma, ya san abin da shugaba zai iya sayar wa mabiyansa da abin da ba zai iya ba. In kuma ba ka shirya sakin aikin ba, kujerar mai ba da shawara kan doka tana nan, kuma doka ta yarda wakilin ƙungiya ya tsaya wa ɗan ƙungiya a kotun ƙwadago.

Waɗanne dokoki ne dole su zauna masa a ka?

Uwar su ita ce dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, da dokar aiwatar da ita ta watan Agustan 2017. Daga nan sai yarjejeniyar gama-gari ta sana'o'i, wadda aka fara sa wa hannu ranar 15 ga Disamba 1972, da yarjejeniyoyin ɓangarori da na kamfanoni, da dokar cikin gida ta kowane wurin aiki. Lauya mai hankali ba ya buɗe baki sai ya tabbatar da wace yarjejeniya ce ke aiki a kan mai ƙararsa a ranar da abin ya faru, domin sau da yawa haƙƙin da ya fi tsoka yana cikin yarjejeniya, ba cikin babbar doka ba.

Akwai alƙaluman da ba ya bukatar duba littafi a kansu. Aiki awa 40 ne a mako. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki. Hutun haihuwa mako 14. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. A waje kuma akwai yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, da Nijar ta rattaba wa hannu: mai lamba 87 kan ƴancin kafa ƙungiya a 1961, mai lamba 98 kan ƴancin tattaunawa a 1962, da mai lamba 158 kan sallama daga aiki a 1985.

Me ya haɗa lauya da tarihin ƙungiyoyi?

Wanda bai san gidan ba zai taka abin da ba a takawa. Tsarin da ake bi yau, na sufeton aiki da wakilan ma'aikata da kotun ƙwadago, ya samo asali ne daga dokar ƙwadago ta yankunan Faransa na ƙetare ta ranar 15 ga Disamba 1952, wadda ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki kafin su same ta. Djibo Bakary ta ƙungiyar ƙwadago ya yi suna kafin ya zama magajin garin Yamai a 1956. USTN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan Nijar, ta yi shekaru ita kaɗai ce uwar ƙungiya, kuma ita da ɗalibai ne suka matsa har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Daga baya wasu uwayen ƙungiyoyi suka kafu: CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001, wasu suka biyo baya. A 2019 aka yi zaɓen farko na auna ƙarfin uwayen ƙungiyoyi, CDTN ta zo ta ɗaya. Kowace rabuwa ta bar tabo, kuma lauyan da zai zaunar da ƙungiyoyi biyu a tebur guda gara ya san wa ya fice daga gidan wa.

Yaya yininsa yake? Kullum yana kotu?

Kotu ita ce ƙaramin ɓangare. Mafi yawan aikin a kan tebur ake yinsa: rubuta dokokin ƙungiya, duba cewa an kai su inda doka ta ce an karɓo rasit, tsara takardar bukatu, gyara daftarin yarjejeniya kafin a sa hannu, amsa waya da dare ana cewa "Metur, an ba kamarad ɗinmu takardar neman bayani, gobe ake son amsa." Wannan amsar, mai layi goma, ta fi duk wani jawabin da zai yi a gaban alƙali bayan wata takwas, domin abin da ma'aikaci ya rubuta da hannunsa cikin fushi ko cikin tsoro shi za a karanto masa a kotu.

Abu ɗaya da ake mantawa: in ƙungiya ta yi babban taro ta canja shugabanni ko ta gyara dokokinta, dole a sanar da hukuma kamar yadda aka yi a farko. Ƙungiyoyi da dama ba sa yi. Ranar da suka shigar da ƙara, lauyan kamfani ba zai taɓa gundarin maganar ba, zai tambaya ne kawai wa ya ba wannan sakataren ikon kai ƙara da sunan ƙungiya.

An kori ɗan ƙungiyarmu. Me lauya zai fara nema, kuma ina za a bi?

Takardu zai fara nema, tun kafin ya gama jin labari: kwantiragi, takardun albashi na wata 12 na ƙarshe, takardar neman bayani da amsarta, takardar sallama, lambar CNSS, takardar shaidar aiki. In babu kwantiragi a rubuce ba a fasa ba. Ana kafa hujjar aiki da katin shiga, da rajistar zuwa aiki, da shaidar turo kuɗi, da abokan aiki. Kwantiragin da aka ce na wa'adi ne amma ba a rubuta shi ba, doka tana ɗaukarsa a matsayin na dindindin, wannan kuwa ribar ma'aikaci ce.

Tambayoyi biyu yake yi wa takardar sallama. Akwai dalili karɓaɓɓe a cikinta? An ba mutumin damar kare kansa kafin a yanke? Bayan haka a nufi ofishin sufeton aiki na jihar don sulhu. A nan ya kamata a buɗe ido. Sufeto yana zaune, wakilin kamfani ya zo da caki a jaka, ma'aikaci ya yi wata biyu babu albashi, mai gidan haya yana masa sintiri. Aka karanto takardar sulhu da Faransanci, ya sa hannu. Duk abin da aka rubuta an sasanta a kansa a wannan takarda ya rufu, kuma ana iya zartar da ita kamar hukunci. Shi ya sa lauya ke dagewa a rubuta bukatu ɗaya bayan ɗaya, a nuna wadda aka sasanta da wadda ba a sasanta ba, don sauran su wuce kotu. Wannan ya sha bamban da takardar da kamfani ke ba mutum a ofishinsa ya sa hannu cewa ya karɓi duk haƙƙinsa. Irin wannan ba ta hana shi neman ragowar abin da doka ta ba shi.

In sulhu ya gagara, sufeto ya rubuta takardar rashin sulhu, a kai kotun ƙwadago. Alƙali ne ke shugabanta, da mataimaka daga ɓangaren ma'aikata da na masu ba da aiki. A can ma ana sake gwada sulhu kafin a shiga shari'a. Wanda bai gamsu da hukunci ba ya ɗaukaka ƙara, kuma wa'adin gajere ne, da kwanaki ake ƙirga shi. Neman bashin albashi shi ma yana da wa'adin da in ya wuce ya wuce. Masu cewa "bari mu ga ko maigida zai huce" su ne suka fi asara.

Yaya ake lissafin kuɗin sallama?

Ana ɗaukar matsakaicin albashin wata na shekarar ƙarshe, da duk abin da ke cikinsa na ladan aiki, ban da kuɗin da aka mayar wa mutum na abin da ya kashe. A ma'aunin tsohuwar yarjejeniyar 1972, an riƙa ba da kashi 20 cikin ɗari na wannan albashi a kan kowace shekara daga ta 1 zuwa ta 5, kashi 30 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 a kan abin da ya haura 10. A ɗauki mai jika 150 a wata da ya yi shekara 12. Biyar ɗin farko sun ba shi jika 150, biyar na biyu jika 225, biyun ƙarshe jika 105. Jimla jika 480. In yarjejeniyar da ke aiki a kansa ta fi wannan ma'auni, ita ake bi.

Ba shi ke nan ba. Akwai kuɗin wa'adin sallama in ba a bar shi ya yi wa'adin ba, akwai kuɗin hutun da bai ci ba, akwai awannin ƙari in an iya kafa hujjarsu. In sallamar ta ragin ma'aikata ce saboda matsin tattalin arziki, akwai ƙarin albashin wata ɗaya da fifiko wajen sake ɗauka. Diyyar kora ba bisa ƙa'ida ba kuwa daban take, alƙali ne ke yanka ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafi da albashin tushe kawai. Na biyu shi ne cika baki: a rubuta miliyan ɗari a kan albashin jika tamanin, alƙali ya daina ɗaukar sauran lissafin da muhimmanci. Wanda aka tabbatar ya yi babban laifi kuma ya rasa kuɗin wa'adi da na sallama, shi ya sa kamfanoni ke son liƙa wannan suna, shi ya sa kuma a kansa ake fafatawa.

Wakilin ma'aikata fa, ana korarsa kamar kowa?

Ba a yi. A wurin da ma'aikata suka haura 10 ana zaɓen wakilai na shekara 2, kuma ba a sallamar wakili sai an kai maganar gaban sufeton aiki ya yanke. In ana zarginsa da babban laifi ana iya dakatar da shi kafin amsar ta fito, amma dakatarwa ba kora ba ce. Abin da lauya ke fara tambaya shi ne takardar sakamakon zaɓe. An sha ganin "wakili" wanda abokan aiki suka ɗaga wa hannu a ƙarƙashin bishiya, ba zaɓe bisa ƙa'ida, ba takarda, ko wanda wa'adinsa ya ƙare tuntuni ba a sabunta ba. Ranar wuya sai kariyar ta zama abin gardama.

Muna son shiga yajin aiki. A wane mataki za mu kira lauya?

Tun ranar da kuka fara rubuta bukatu. Doka ta ba da ƴancin yaji, amma ta shimfiɗa masa hanya: a sanar da sufeton aiki rikicin, a zauna sulhu, in ya gagara a ba mai kamfani sanarwa ta aƙalla kwana 3 na aiki. Ƙananan abubuwa ne ke kayar da yaji. Ana buga sanarwar kwafi biyu, a kai ofishin darakta, a tsaya har sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin ƙungiya. In ta ce maigida ya hana ta karɓa, kada a tura ta ƙarƙashin ƙofa ko a bar wa mai gadi, a kira huissier, jami'in da ke isar da takardun shari'a da zartar da hukunci, ya isar ya rubuta shaida. Lahadi da ranar hutun ƙasa ba sa shiga ƙirge, kuma lauya mai taka-tsantsan yakan ƙara kwana ɗaya a kai don toshe bakin gardama. Sanarwar ta faɗi bukatun, ta faɗi ranar farawa, kuma mai ikon sa hannu ne zai sa.

Sannan ya faɗa wa taro abin da ba a son ji. Ranakun yaji ba a biyan su, sai in an sasanta a kan haka a ƙarshe. Yaji bisa ƙa'ida ba ya tsinke kwantiragi, amma kulle ƙofar masana'anta da kwaɗo, ko hana wanda ke son aiki shiga, ko taɓa na'ura, kowannensu yana iya zama babban laifi a wuyan mutum ɗaya ɗaya, har ya kai ga ofishin ƴan sanda. Lauyan da ke tafa wa taro don a so shi bai yi musu aiki ba. Namu ra'ayin, wanda ya iya cewa "kamarad, ku dakata zuwa Litinin" a gaban mutum ɗari masu zafin kai, shi ya cancanci kuɗinsa.

Ma'aikatan gwamnati su ma kotun ƙwadago suke zuwa?

A'a. Ma'aikacin da aka ɗauka a ƙarƙashin dokar aikin gwamnati ba ya cikin dokar ƙwadago. In an dakatar da shi, ko an yi masa canjin wurin aiki na horo, ko an tsallake shi a ƙarin girma, yakan fara da rubuta wa wanda ya yanke shawarar ko na sama da shi, sannan ya nemi alƙalin gudanar da mulki ya soke ta, duk cikin wa'adi. Tun 2023 Cour d'État ce ke riƙe da aikin da kotun ƙoli ta soke hukunci da majalisar shari'ar mulki ke yi a da. Yajinsu ma dokoki biyu na ranar 21 ga Maris 1996 ne ke tsara shi, da maganar ayyukan da ba a tsayarwa gaba ɗaya da ikon hukuma na kiran wasu su koma bakin aiki. Ƴan kwantiragi kuwa, sai an karanta takardar da aka ɗauke su da ita kafin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuskuren ƙofa yana cin shekara.

Tunda shari'ar ƙwadago kyauta ce, me zai sa mu ɗauki lauya?

Gaskiya ne ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, kuma ba dole ne a zo da lauya ba. Ƙaramar magana, kamar albashin wata biyu da ba a musanta ba, gogaggen wakilin ƙungiya ya isa. Lauya yana zama dole in mutane da yawa abin ya shafa, ko an taɓa wakili, ko kamfani ya fara ɓuya a bayan ɗan kwangila yana cewa ba shi ya ɗauke ku ba. Rufe mahaƙar uranium ta kamfanin Cominak a Arlit ranar 31 ga Maris 2021 ya nuna wa kowa cewa ma'aikacin kamfani da ma'aikacin ɗan kwangila ba matsayinsu ɗaya ba a idon doka, ko da rami ɗaya suke shiga. Wanda ba shi da hali kuma yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don tallafa wa marasa ƙarfi a harkar shari'a.

Nawa ake biyansa?

Babu farashi ɗaya, yarjejeniya ce tsakaninsa da mai ƙara. Uwayen ƙungiyoyi sukan yi da shi kan wani abu duk wata ko duk shekara, wanda ya ƙunshi shawara da rubuce-rubuce, shari'u kuma a yi musu lissafi daban. Ƙananan ƙungiyoyi sukan biya dosiye dosiye. Ƙa'idar sana'a ta hana a ce ladan lauya gaba ɗaya wani kaso ne na abin da aka ci, amma ta yarda a yanka lada sannan a ƙara wani kaso in an yi nasara. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta. A fayyace ko ɗaukaka ƙara na ciki, wa zai biya huissier, wa zai biya mota da masauki in shari'ar a wata jiha take. In an saɓa kan lada, Batoniye ake kai wa. Matsalar da lauyoyin ƙungiyoyi suka fi kuka da ita ita ce kuɗin katin ƴan ƙungiya ba ya shigowa, sai a tashi karo-karo ranar da wuta ta riga ta kama.

Wane ne mai ƙararsa, ƙungiya ko ɗan ƙungiya? In ƙungiyar ta rabu biyu fa?

Tambaya ce da ya kamata a warware tun ranar farko. In ƙungiya ce ta ɗauke shi don kare mutum goma da aka kora, kowannensu sai ya ba shi izini da sunansa, kuma ba a sasantawa a kan haƙƙin mutum ba da yardarsa ba, ko da shugabanni sun ga maslaha a ciki. Sirrin da ɗan ƙungiya ya faɗa masa ba na sakatare ba ne. In kuwa babban taro ya watse da shugabanni biyu, kowa da hatiminsa, lauyan da ya yi wa gidan aiki yana riƙe da sirrin ɓangarorin biyu, abin da ya fi masa shi ne ya janye daga rigimar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai kamfani ba ya bukatar lauya mai tsada a ranar da ƙungiya ke ƙarar kanta.

Ko yana iya kare masu kamfani a wasu shari'u? Doka ba ta hana ba, muddin ba a rigima ɗaya ba ce, kuma ba zai yi amfani da sirrin wani a kan wani ba. Yawancinsu suna yi. Ku tambaye shi kai tsaye ko ofishinsa na yi wa kamfaninku aiki.

Mun ci shari'a amma ba a biya ba. Sai yaya?

A karɓo kwafin hukunci mai hatimin zartarwa, a ba huissier ya isar da umarnin biya, in an ƙi ya kama asusun banki ko kaya bisa dokar OHADA, dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka. Saboda haka tun ana shari'a lauya ke tattara sunan bankin kamfani da masu riƙe da kuɗinsa. In kamfani ya durƙushe, albashi yana gaban sauran basussuka, amma sai an gabatar da bashin ga mai kula da rushewar cikin lokaci. In gwamnati ce aka ci, ba a kama kayanta. Nan sai bibiya a ofishin da ke kare ta a shari'a da baitulmali, kuma nauyin ƙungiya a teburin tattaunawa ya fi takardar lauya tasiri.

In hanyoyin cikin gida sun toshe, akwai ta waje?

Akwai kwamitin ƴancin ƙungiyoyi na OIT a Janeba, wanda aka kafa a 1951. Ƙungiya ce ke kai koke, ba mutum ɗaya ba, kuma shawarwari yake bayarwa, ba hukuncin da huissier zai zartar ba. Yakan ɗauki lokaci. Ana zuwa can ne kan abin da ya taɓa ƴancin ƙungiya kansa, kamar kama shugabanni ko rushe ƙungiya, wanda sashe na 4 na yarjejeniya ta 87 ya ce ba a yinsa da umarnin hukumar mulki. Maganar ta taso a watan Agustan 2025, lokacin da ma'aikatar cikin gida ta rushe wasu ƙungiyoyin ɓangaren shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, lauyoyi kuma suka ajiye aiki na ɗan lokaci don nuna rashin yarda.

Mu a Tawa muke, lauyoyi kuma suna Yamai. Yaya za mu yi?

Tawa tana da ofishin sufeton aiki, da babbar kotu, da kotun ɗaukaka ƙara, saboda haka shari'ar ma'aikacin Malbaza ko Ƙonni ko Madawa ba sai ta je Yamai ba. Lauyan ne zai zo, tafiyar sama da kilomita 500, kuma kowane ɗage zama kuɗin mota ne. Abin da ke aiki shi ne raba nauyi. Ku naɗa mutum ɗaya, ba biyar ba, wanda zai riƙa magana da ofishin lauya. Shi zai riƙe asalin takardu a jaka ɗaya, ya tura hotunansu masu kyau ta WhatsApp, shafi shafi, har da bayan takarda in akwai hatimi. Zaman sulhu a wurin sufeto wakilin ƙungiya na iya yinsa da rubutaccen lissafin da lauya ya aiko, da sharaɗin ba zai sa hannu a kan komai ba sai ya karanta masa ta waya. A roƙi magatakarda ya haɗa shari'un mutanenku a rana ɗaya. Takardun kotu da Faransanci ake yin su, don haka duk wanda zai yi magana da Hausa ko Tamajeƙ a gaban alƙali a sanar tun da wuri a tanadi tafinta, a kuma zauna da shaidu tun daren zaman, a tabbatar kowa ya zo da katin shaidarsa.